Rumbun da Kawu Ya Ƙi Nunawa

A wannan gaɓar teku, in ka tambayi masunci inda ya kamo kifinsa, ba zai hana ka amsa ba. Zai dube ka da fara'a, ya turo leɓe wajen da bai taɓa jefa raga ba, ya ce, "Can." Kai kuma ka yi godiya ka wuce. Ba mai kiran wannan ƙarya, kamar yadda ba a kiran wanda ya kulle ƙofarsa marowaci. A haka kowa ya tashi ya tarar. Kuma duk tsawon gaɓar ba a yi gwanin wannan nuni kamar Kawu ba.

Kawu ake ce masa a gida, har waɗanda ba kawunsu ba ne. A bakin ruwa kuwa sunansa Kulle-Baki. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa duk tsagar igiya, idanunsa a ƙanƙance saboda kallon ƙyallin ruwa. Ba ya faɗa, ba ya rantsuwa, dariyarsa ma sai an tono ta. Abu ɗaya ya mallaka da ya fi kwale-kwalensa da injinsa daraja, wani wuri ne a cikin teku da mutanen gidan ke kira Rumbu, alhali ba su san inda yake ba.

Mahaifinsu ne ya ba shi, a fitarsa ta ƙarshe kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Su biyu kaɗai suka fita ran nan. Da suka yi nisa, tsohon ya kashe inji ya ce, "Dubi tudu. Ka ga bututun hayaƙin tsohuwar masana'antar ƙanƙara? Bari ruwa ya ja mu har ya ɓuya a bayan tankin ruwan gari. To, yanzu dubi hagu. In hasumiyar fitila ta zauna daidai tsagar dutsen can, ka iso." A ƙarƙashinsu duwatsu ne da ciyawar ruwa, inda kifi ke taruwa ya zuba ƙwai. Tsohon ya gindaya masa sharaɗi. Kada ya tafi kai tsaye, kada ya dawo kai tsaye, kada ya je sai gida ya matsu. Kada kuma ya faɗa wa kowa sai mutum ɗaya, shi ma sai ranar da ƙarfi ya ƙare. Kawu ya dafa gwiwar mahaifinsa ya ce ya ɗauka.

Ya kuwa riƙe. Rumbu ne ya sake wa gidan rufi shekarar da iska ta yaye kwanon. Shi ya kai 'yan matan gidan sakandare. Shi ya tsaya musu lokacin da aka yi wa Iya, matar Kawu, aiki a ciki, ta yi ta jinya har aka fara fid da rai. Ko Auta, ƙanen Kawu da suke fita tare, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, ba a yarda ya ga hanya ba. Da an doshi wurin sai Kawu ya jefa masa wata cukurkuɗaɗɗiyar raga ya ce, "Sunkuya ka warware mini wannan." Auta ya sunkuya a cikin jirgi, ba ya ɗagowa sai ya ji an jefa anga.

Ana nan, wata shekara da rani sai ga baƙuwa daga cibiyar binciken harkokin teku da ke cikin birni. Siririya ce mai takalmin roba, iskar gaɓa ta sa muryarta ta dashe, don ta biyo ƙauyukan masunta da dama kafin ta iso. Malama kowa ya kira ta. Aka taru a rumfar ɗinkin raga, ta shimfiɗa wata ƙatuwar taswira a kan teburin yankan kifi, aka danne kusurwoyinta da duwatsun raga.

"Hukuma za ta raba ruwan nan," in ji ta. "Za a fitar da hanyar manyan jirage, a fitar da inda za a haƙi yashi a cike gaɓa don sabuwar tasha, a kuma ware na masunta. Aikinmu shi ne mu ba hukuma shawara."

Mai gyaran inji, wanda ba a taro bai sa baki ba, ya ɗaga hannunsa baƙi ƙirin da mai. "Malama, tekun ma fuloti za a yanka? Don Allah a ajiye mini na bakin titi."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Sannan ta gyara tsayuwa ta ce, "Ku saurare ni da kyau. Inda kuka zana, za mu ce a bar muku. Inda kuka bari fari, za a ɗauka ba mai shi." Ta maimaita, a hankali. Ta miƙa wa Kawu jan alƙalami, don shi ne babba.

Kawu ya ji abin da ta faɗa, ba wai bai ji ba. Amma abin da ya fi ji shi ne numfashin mazan da suka taru a ƙeyarsa. Kowa ya miƙo wuya. Akwai mutanen da suka tsufa suna bin sawunsa a ruwa ba su dace ba, ga shi yau za a ba su a kan tebur. Idonsa ya sauka a tsakiyar taswirar, daidai inda Rumbu yake, ya yi maza ya ɗauke. Ya kai alƙalamin bakin kogi, inda ba komai sai laka da robobin da gari ke zubowa, ya zana da'ira mai kyau.

"Nan muke ci," ya ce.

Na bayansa ya karɓa ya zana kusa da nasa. Na bayan wancan ma haka. Kafin a tashi bakin kogi ya yi ja wur, tsakiyar teku kuwa fari fat.

Malama ta daɗe tana kallon farin. "Baba, duk nan ba ku shiga?"

"Ruwa ne kawai, 'yata."

Da motarta ta tashi, rumfar ta kaure da shewa. Ana ta tafawa, ana cewa Kulle-Baki ya kulle har da na birni.

Ba ta haƙura ba. Washegari ta bi gida gida, wai ko wani zai fi sakin jiki in ba idon jama'a. Iya ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar bango, ta kawo ruwa. Malama ta sake buɗe taswirar ta ce, "Baba, ni da kai ne. Hannunka nake so ka ɗora." Kawu ya ɗora yatsa a bakin kogi.

Bayan ta fita Iya ta ce, "Maigida, yarinyar nan fa ba kifi take nema ba."

"Kowa haka yake cewa."

"Idonta na kalla. Tsoro ne a ciki."

Kawu ya ɗauki allurar raga ya ci gaba da ɗinki.

Damina ta zo ta wuce, har an manta da zancen. Sai wani farin jirgi ya bayyana, yana kai da komo a hankali kamar wanda ya yar da abu yake nema, yana jan waya a bayansa. Ba ya kama kifi, ba ya gaida kowa. Bayan ya tafi aka wayi gari da manyan gangunan ƙarfe rawaya a kan ruwa, an ɗaure su da sarƙa, sun yi layi har inda ido ya gaza. Daga nan sai babban jirgin haƙar yashi ya iso. Baƙi ne, dogo, da wani ƙaton bututu kwance a gefensa. Ya jefa anga a bayan gangunan ya yi tsit. Wata safiya suka gwada injinsa, Kawu yana cikin kwale-kwale ya ji rugugin ya biyo katako ya shige masa tafin ƙafa. Tsuntsayen da ke bin jiragen masunta suka tashi gaba ɗaya, ba su dawo ran nan ba.

Gida bai matsu ba, amma Kawu ya ce wa Auta su fita. Ya yi zagayensa na kullum, ya jefa wa Auta ragar warwara, ya sa ido a tudu. Bututun masana'anta yana shiga bayan tanki, hasumiya tana matsowa kan tsagar dutse, sai ga gangar rawaya a gabansa tana rausaya. Rumbu yana cikin layin.

Bai kai ga jefa anga ba jirgin sintiri ya taso musu. Wani mai kaki ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, juya. Nan wurin haƙar yashi ne. Naku yana can bakin kogi, ai ku da kanku kuka zaɓa."

Kawu ya juya. Har suka iso tudu Auta bai ɗago daga ragar ba.

Kwanakin da suka biyo baya rumfar ɗinki ta zama kamar gidan makoki. Jirage suna fita suna dawowa da ɗan abin da bai kai a sauke ba. Mata masu sayen kifi suna jiran tsammani da kwanduna a kife. Kowa ya san abin da ke cin ɗan'uwansa, amma ba mai fara faɗa, don faɗar ita ce nuna wurin. Mai gyaran inji ne kawai ya dube su ya ce, "Ikon Allah. An killace ruwan da ba komai a cikinsa, amma duk kun rame." Ba wanda ya yi dariya.

Kawu ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya hau mota zuwa birni. Cibiyar tana hawa na sama a wani dogon gini, ɗakin sanyi ƙalau har ya ji gwiwoyinsa sun amsa. Ga taswirori a bango, ga wani akwatin gilashi da ƙananan kifaye ke zagaye a ciki, ga matasa sun duƙufa a kan kwamfuta. Malama ta gane shi tun daga ƙofa. Ta ja masa kujera, ya zauna a bakinta da hula a hannu.

"'Yata, wurin da aka sa ganguna, akwai abu a ƙasa."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Na tambaye ka a rumfa, Baba. Na bi ka har gida."

"Kin tambaya."

"Da hannuna na rubuta cewa ba mai amfani da wurin. Farin jirgin nan zurfin yashi kawai ya auna, shi ba ruwansa da kifi. Maganarku muka dogara da ita."

Ta ce saura hanya ɗaya. Kwamitin da ya ba da izinin haƙa zai sake zama kafin a fara aiki. In masunta suka nuna wurin, ta gani da idonta, ta ɗauki hoto, za ta iya kai gyara.

Kawu ya matso da kujera ya rage murya, ko da yake ba mai sauraronsu. "To, in kai ki. Ki rubuta, ki rufe. Ni da ke."

"Ba ya yiwuwa, Baba. Hukuma ba ta tsare abin da ba ya kan taswira. Taswira kuma ta kowa ce. Har masu manyan jiragen nan da ke jan taru a ƙasan ruwa za su gani."

Ya san su. Ya sha ganin abin da suke bari a bayansu, ruwa ya yi baƙi, matattun 'ya'yan kifi suna yawo a sama.

"Wato in na faɗa, a cinye. In na yi shiru, a haƙe."

"Ba zan yi maka alkawarin da ba zan iya cikawa ba," in ji ta. "Doka ta hana su shiga ruwan masunta, amma ka fi ni sanin yadda suke bin dokar. Abin da na sani shi ne, in bututun baƙin jirgin nan ya sauka, ba dutse, ba ciyawa, ba ƙwai. Rami ne zai rage."

Da la'asar ya iso gida. Iya tana tsakar gida tana shanya kifi a kan waya, Auta yana gindin bango yana facin tankin mai. Kawu ya zauna ya faɗa musu komai, abin da bai saba ba. Ya ƙare da cewa, "Na dafa gwiwar Baba na yi alkawari. Mutum ɗaya ya ce. Yanzu a ce in tara gari?"

Iya ba ta juyo ba. "Da Baba ya ce ka ɓoye, don wurin ya rayu ya faɗa, ko don ya mutu ba wanda ya sani?"

Sai Auta ya ajiye abin da ke hannunsa, ya share gumi, ya ce, "Yaya, bututu a bayan tanki, fitila a kan tsaga."

Kawu ya juyo gaba ɗaya. "Me ka ce?"

"Abin da ka ji."

"Tun yaushe?"

"Tun gemuna yana baƙi. Raga kake ba ni, ba ido kake cire mini ba. Kuma ragar nan guda ɗaya ce, Yaya. Ina ganinka kana cukurkuɗa ta da kanka a bayan ɗaki."

Iya ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Kawu bai yi dariya ba. "Wa ka faɗa wa?"

Auta ya ɓata rai. "Haba Yaya. Ni ɗin ɗan waye?"

Kawu ya daɗe yana kallon ƙanensa. Sannan ya tashi ya sa takalmi ya nufi rumfa, Auta yana biye.

Maza suna zaune jugum, kowa da raga a cinya. Kawu ya tsaya a tsakiya, inda aka taɓa shimfiɗa taswirar. Ya yi gyaran murya, ya faɗi alamun Rumbu ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma zai ji. Yana faɗa yana jin kamar tufafinsa yake tuɓewa a kasuwa.

Can wani dattijo mai ido ɗaya ya ce ƙasa ƙasa, "Nawa, sai bututun ya leƙo kaɗan ta gefen tankin." Wani ya ce nasa sai fitila ta wuce tsagar da taki guda. Wani ma ya faɗi nasa. Ashe duk dutse ɗaya ne dogo a ƙasan ruwa, kowane gida ya riƙe gefensa yana ɓoye wa maƙwabci.

Mai gyaran inji ya riƙe kai. "Wato shekara da shekaru kuna zagaye juna kuna ƙona mai, kuna kashe mini inji, ashe kwano ɗaya kuke ci!"

Ranar da Malama ta zo da izinin shiga, jiragen gaɓar duka suka fita. Karo na farko a rayuwarsa Kawu ya doshi Rumbu kai tsaye, da rana tsaka, ga jama'a a bayansa, ga Auta zaune a gaba kai a ɗage. Suka wuce gangunan rawaya. Malama ta zura kyamara da waya, ta juyo masa da allon. Wurin da ya ciyar da gidansu tun kafin a haife shi, sai ran nan ya gan shi da ido. Ga duwatsu, ga ciyawa tana kaɗawa, ga kifi gungu gungu. Amma wata farar ƙura ta riga ta fara kwanciya a kan ciyawar, tun daga gwajin injin nan.

Baƙin jirgin yana gefe, ya tsere musu tsawo kamar bene. Wasu masu hular kwano suna jingine da ƙarfe suna kallonsu, ɗaya har ya ɗago musu hannu. Kawu bai mayar ba, hankalinsa yana wani wuri. A ƙarshen layin jiragensu akwai wani ƙaramin jirgi mai sabon inji da bai sani ba. Mutum biyu ne a ciki, ba raga, ba ƙugiya. Ɗayan ya ɗaga wata 'yar na'urar ɗaukar alamar wuri yana dannawa. Da suka gama suka juya, suka nufi inda manyan jiragen taru ke tsayawa.

Kwamiti ya zauna. Ba a soke izinin haƙa ba, dakatarwa aka yi, wai sai an ƙara bincike. Aka ja gangunan baya kaɗan. Aka buga sabuwar taswira, Malama ta kawo musu ɗaya da kanta, aka manna a bangon rumfa. A tsakiyarta, inda dā fari ne, an shafa kore an rubuta Rumbu, yadda ɗan makaranta ma zai karanta.

Masunta sun koma wurin, suna ɗiba da lissafin da suka yi wa junansu. Amma sau da yawa in suka isa da sassafe sukan tarar da ruwan a dame, ciyawa a tsige tana yawo a sama, alamar an riga su. Sun kai ƙara, jirgin sintiri yakan zo, yakan kuma makara.

Kawu yana fita har yanzu, ko da yake gwiwa ta fara yi masa irin ta mahaifinsa. Bai daina zagayen ba. Auta ya gaji da yi masa magana, ya bar shi yana ƙona mai. Wani lokaci yakan zauna yana kallon samarin gidan, ya buɗe baki kamar zai kira ɗaya gefe, sai ya tuna ba sauran abin da zai raɗa masa.

Baƙin jirgin kuwa bai tafi ba. Yana nan a bayan ganguna, anga a ƙasa. Kullum Kawu ya fito, kafin ya dubi sama ko iska, shi yake fara dubawa.

Kwanan baya wata mai sayen kifi ta leƙa kwandonsa ta ce, "Baba, ina ka samo waɗannan?" Kawu ya turo leɓe wajen bakin kogi ya ce, "Can."

Ta yi dariya. "Haba Baba, ai ga shi can a bango."

Bai ji ta ba. Ya sa hannu ya kare rana, ya ƙura wa teku ido. Mutane suna kai da komo a kan baƙin jirgin, sun kwance igiyoyin da suka ɗaure bututun, kuma wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga samansa.